Harajin VAT a Najeriya: me ɗan majalisar jaha ke iya yi idan Abuja ta sauya doka?

Ranar 26 ga watan Yunin 2025 shugaban Najeriya Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokoki huɗu na haraji, gwamnatinsa kuma ta ce za a fara aiki da su gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 2026. Kusan wata bakwai kafin sa hannun, a farkon Disamban 2024, majalisar dokokin jahar Kano ta zauna ta yi watsi da ƙudurorin da suka haifi waɗannan dokoki. Wanda ya kawo batun gaban majalisar shi ne shugaban masu rinjaye, Lawan Hussaini Ceɗiyar Ƴan Gurasa, mai wakiltar Dala. Ya ce tsarin zai karya tattalin arzikin Arewa, ya kwashe kuɗi zuwa Legas, sannan ya yi kira ga ƴan majalisun tarayya na Arewa da su hana shi wucewa.

Dokokin sun wuce, amma ba a yadda aka kawo su ba. Abin da ya faru tsakanin zaman Kano da sa hannun Abuja ya nuna iyakar ƙarfin ɗan majalisar jaha a ƙasar da ke bin tsarin tarayya. Ya kuma nuna wurin da jama'arsa za su iya riƙe shi da hannu biyu, domin akwai aikin da ba na Abuja ba ne, nasa ne.

Abin da aka kawo

Tun a watan Agustan 2023 Tinubu ya ƙaddamar da wani kwamiti ƙarƙashin masanin haraji Taiwo Oyedele domin ya duba tsarin harajin ƙasar. Ranar 3 ga Oktoban 2024 aka miƙa wa majalisun tarayya ƙudurori huɗu. Ɗaya ya tattara dokokin haraji da ke warwatse wuri guda, na biyu ya tsara yadda za a karɓa, na uku ya sauya hukumar tara haraji ta tarayya FIRS zuwa sabuwar hukuma mai suna NRS, na huɗu kuma ya kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jahohi.

Ƙudurorin na da shafuka masu yawa, amma abin da ya ta da ƙura a Arewa shi ne harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya da ayyukan da aka biya, wanda Najeriya ke kira VAT, a Nijar kuma aka san shi da TVA. A Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. A Najeriya an fara karɓarsa a 1994 kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Ƙudurin farko ya nemi a kai shi kashi 10 a 2025, a riƙa ƙarawa har ya kai kashi 15 a 2030.

Bayan ƙarin, sai batun rabo. Hukumar tarayya ce ke tara kuɗin VAT na ƙasa baki ɗaya, kowane wata a zauna a Abuja a raba. A tsohon tsari, cikin kowace naira 100 da ta shiga tukunyar rabo, gwamnatin tarayya na ɗaukar 15, jahohi 50, ƙananan hukumomi 35. Naira 50 ɗin jahohi kuma ana kasa ta uku: rabi, wato 25, a raba daidai wa daida tsakanin jahohi, 15 a raba bisa yawan jama'a, 10 kuma bisa inda kuɗin ya fito. Sabon ƙudurin ya rage kason tarayya zuwa 10, ya ɗaga na jahohi zuwa 55, amma ya ce kashi 60 cikin ɗari na kason jahohi a raba shi bisa inda kuɗin ya fito. Ma'ana, abin da a da yake naira 10 zai koma naira 33.

A nan gizo ke saƙa. Manyan kamfanonin sadarwa irin su MTN da Airtel, da bankuna, da kamfanonin siminti da sukari, galibinsu hedkwatarsu na Legas, kuma daga can suke biyan harajin. Mai shayi a Fagge ya sayi katin waya, an cire masa VAT a Kano, amma a takarda kuɗin daga Legas ya fito. Shi ya sa da mutanen Arewa suka ji an ce kashi 60 zai bi asalin kuɗi, suka ɗauka cewa an miƙa wa Legas tukunyar da ludayinta. Oyedele ya yi ta bayani cewa nufinsu akasin haka ne, cewa za a daina lissafi da hedkwata a koma lissafi da wurin da aka yi amfani da kayan. Masu suka suka ce lafazin ƙudurin bai fito da hakan fili ba, kuma a harkar kuɗi abin da ke rubuce ake bi, ba abin da aka faɗa a talabijin ba.

Halin da ƙudurorin suka tarar da mutane

Ba za a gane zafin martanin Kano ba sai an tuna shekara ɗaya da rabi da ta gabace shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024. An saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe iyaka da Nijar har zuwa watan Maris na 2024, abin da ya taɓa ƴan kasuwar Dawanau da Kantin Kwari kamar yadda ya taɓa na Maraɗi da Damagaram.

A farkon Agustan 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa. A Kano ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka wawushe kaya, aka rasa rayuka, gwamnati ta sa dokar hana fita. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a gaban kotu a Abuja, cikinsu har da yara ƙanana, wasu suka yanke jiki suka faɗi a zauren kotun. Hotunan sun girgiza Arewa har shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. A watan Oktoba kuma yawancin jahohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu saboda lalata manyan layukan wutar lantarki. A cikin wannan yanayi ne aka ce wa talaka za a ƙara haraji, kuma za a sauya rabo.

Ɗan majalisar jaha shi ne wakilin da ya fi kusa da wannan talaka in aka cire kansila. Sanata da ɗan majalisar wakilai suna Abuja, ganinsu sai an yi sa'a. Na jaha kuwa gidansa na cikin unguwa, ana same shi a masallaci da wurin jana'iza da ɗaurin aure. Kukan farashin shinkafa da kuɗin makaranta da na magani duk a ƙofarsa ake sauke su, ba tare da an tsaya tambayar ko shi ke da alhakin abin ba. Ga batun haraji kuma an samu ƙarin damuwa biyu. Malaman addini sun yi ta huɗuba kan wani sashe da suka fahimta a matsayin haraji kan dukiyar gado, abin da suka ce ya saɓa wa shari'a. Malaman jami'a kuma, ta bakin ƙungiyarsu ASUU, sun yi gargaɗi cewa shirin zai kashe asusun TETFund da ke gina azuzuwa da ɗakunan karatu a manyan makarantun gwamnati.

Iyakar ikonsa

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba iko tsakanin tarayya da jahohi 36. Kowace jaha na da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokoki tata, ba kamar jahohin Nijar ba inda daga Yamai ake naɗa gwamna. Majalisar Kano na da kujeru 40, jahar kuma na da ƙananan hukumomi 44. Amma dokar da majalisun tarayya suka yi, majalisar jaha ba ta da ƙuri'a a kanta. Sanatoci 109 da ƴan majalisar wakilai 360 ne ke yanke hukunci, Kano na da uku a cikin na farko, 24 a cikin na biyu. Babban wurin da dole a nemi amincewar majalisun jahohi shi ne gyaran tsarin mulki, inda ake buƙatar kashi biyu cikin uku nasu, wato 24. Ƙudurorin haraji ba su bi ta wannan ƙofa ba.

Saboda haka matsayar da majalisar Kano ta ɗauka ba doka ba ce. Ba ta ɗaure hannun hukumar haraji ba, ba ta tilasta wa ko da sanata ɗaya ba. Lawan Hussaini ya san haka, shi ya sa ƙarshen maganarsa ya zama kira ga waɗanda ke da ƙuri'a a Abuja.

Akwai wata hanyar da wasu jahohi suka taɓa bi. A watan Agustan 2021 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukunci cewa jahar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a cikinta, ba hukumar tarayya ba. Majalisun Ribas da Legas suka yi maza suka kafa dokokin VAT nasu, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake, maganar ta wuce kotun ƙoli. Wannan hanya ba ta dace da Kano ba. Idan kowace jaha za ta riƙe abin da aka biya a cikinta bisa lissafin hedkwata, yawancin jahohin Arewa ne za su kwana ciki. Ɗan majalisar Kano na buƙatar tukunyar haɗaka ta ci gaba da zama, rigimarsa a kan ludayin rabo ce. Wannan ya rage masa makamai. Ba zai iya barazanar ficewa ba, sai dai ya ɗaga murya.

Ba kuma za a ce siyasa ba ta cikin lamarin ba. A lokacin jam'iyyar NNPP ce ke da rinjaye a majalisar Kano, tana adawa da APC mai mulkin tarayya. Jagoranta Rabi'u Musa Kwankwaso ya riga ya fito a watan Nuwamba ya zargi Legas da neman mamaye harkokin Arewa. Mataimakin shugaban majalisar dattawa, Barau Jibrin, ɗan Kano ne kuma ɗan APC, ya sha suka a gida kan yadda majalisarsa ta tafiyar da ƙudurorin har suka tsallake karatu na biyu ranar 28 ga Nuwamba. Duk wanda ya soki ƙudurorin a Kano a wannan mako ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sai dai layin bai tsaya kan jam'iyya ba. Abdulmumin Jibrin Kofa, ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, wanda a lokacin ɗan NNPP ne, ya fito fili ya kare ƙudurorin. Gwamnan Borno Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume, dukansu ƴan APC, suna cikin waɗanda suka fi kowa zafi wajen adawa.

Yadda aka kai ga sasanci

Muryar Kano ba ita kaɗai ba ce, kuma ba ita ta fara ba. Ranar 28 ga Oktoban 2024 gwamnonin Arewa 19 sun zauna a Kaduna tare da sarakuna, ƙarƙashin gwamnan Gombe Inuwa Yahaya, suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon. Bayan kwana uku majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta kuma dukan gwamnoni ke cikinta, ta ba da shawarar a janye ƙudurorin a sake tuntuɓa. Tinubu ya ƙi, ya ce a bari majalisa ta yi aikinta, mai gyara ya kai can.

Abin da zaman Kano ya ƙara shi ne nauyi a wuyan ƴan majalisun tarayya. Gwamna zai iya yin magana a Kaduna ya koma ya sasanta a fadar shugaban ƙasa. Amma idan majalisar jaha mafi yawan ƙuri'u a Arewa ta rubuta matsayarta, gidajen rediyon Kano suka yi ta maimaitawa, duk ɗan majalisar wakilan da ya ɗaga hannu ya san abin da zai tarar idan ya zo gida. A daidai wannan lokaci ne majalisar wakilai ta ɗage muhawarar da ta shirya yi kan ƙudurorin, ba ta koma kansu ba sai a sabuwar shekara.

A tsakiyar Janairun 2025 ƙungiyar gwamnonin Najeriya baki ɗaya ta fitar da matsaya bayan zama da kwamitin Oyedele. Ta ce a bar VAT a kashi 7.5, a ci gaba da ba TETFund kuɗi, a kuma raba kason jahohi haka: kashi 50 daidai wa daida, kashi 30 bisa asalin kuɗi, kashi 20 bisa yawan jama'a. Wannan ne ya zama gadar da kowa ya bi. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurorin a watan Maris, ta dattawa a watan Mayu. A dokar ƙarshe VAT ya tsaya a 7.5, an gyara sashen da ya jawo maganar gado, asusun TETFund ya tsira da kasonsa, an kuma rubuta cewa kashi 30 ɗin zai bi wurin da aka yi amfani da kaya.

Lissafin da ya rage

Magoya bayan ƴan majalisar Kano na cewa an yi nasara, kuma ta fuskar ƙarin haraji da kashi 60 ɗin nan gaskiyarsu ne. Amma lissafin naira 100 ya nuna cewa maganar ba ta ƙare ba. A sabon tsari jahohi za su karɓi 55. Daga ciki 27.5 za a raba daidai, 16.5 bisa inda aka yi amfani da kaya, 11 bisa yawan jama'a. Kason yawan jama'a ya sauka ke nan daga 15 zuwa 11. Kano ce ƙidayar 2006 ta sa a gaba da mutum sama da miliyan 9, don haka ita ce wannan ragi ya fi taɓawa. Ƙarin da aka samu a kason daidai wa daida kuwa, idan aka raba shi gida 36 ba shi da yawa.

Ribar Kano ko asararta ta rataya ne a kan naira 16.5 ɗin nan. Idan har kamfanoni suka riƙa bayyana inda kayansu suka ƙare, katin waya da siminti da lemun kwalba da kuɗin hidimar banki da aka biya a Kano suka shiga lissafin Kano, jahar za ta iya samun fiye da abin da take samu a da, domin birni ne na ciniki. Idan kuma lissafin ya ci gaba da tafiya da ofisoshin da ke Legas, to an rage mata a gefe guda ba a ƙara mata a ɗayan ba. Akwai kuma matsala ta biyu. Cinikin da ake yi a Singa da Sabon Gari da Kwari da Dawanau mai yawa ne, amma kaso babba nasa hannu da hannu ake yi, babu rasit, babu rajista. Abin da bai shiga takarda ba, ba zai shiga rabo ba. Ga shi kuma sabuwar dokar ba ta ɗora VAT kan abinci na yau da kullum da magunguna da kayan karatu ba. Wannan sauƙi ne ga mai saye, amma yana nufin hatsin Dawanau, komai yawansa, ba zai ƙara wa Kano maki a lissafin ba.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba. Dokar ta ce duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba zai biya harajin albashi ba. Tarayya ce ta yi dokar, amma jahohi ne ke karɓar wannan haraji su riƙe. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira 70,000 ne a wata tun Yulin 2024, Kano ta sa nata 71,000. A jahar da yawancin ma'aikata ke kusa da wannan mataki, sauƙin da ma'aikaci ya samu giɓi ne a asusun hukumar tara kuɗin shiga ta jaha. Duk gwamnatin da ta ga giɓi kuma, idonta kan koma kan ɗan kasuwa da mai adaidaita sahu.

Inda aikin yake

A nan ne ɗan majalisar jaha ke da iko na gaske, ba na roƙo ba. Tsarin mulki ya ce gwamna ba zai kashe ko kwabo ba sai majalisar jaha ta amince a cikin kasafi. Ya ba ta ikon gayyatar kwamishina ta bincike shi, ya kuma ce babban mai binciken kuɗi na jaha gare ta zai kai rahotonsa. Kasafin Kano na 2025 ya haura naira biliyan 700. Tun bayan janye tallafin mai, kuɗin da jahohi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai a lissafin naira, kuma daga 2026 doka ta ƙara musu kashi 5 na VAT da tarayya ta saki. Ɗan majalisar da ya tashi ya ce kar a rage wa Kano, shi ne ya fi cancanta a tambaye shi inda abin da aka ba Kano ya tafi.

Majalisar ta nuna cewa tana iya sauri idan ta so. Ranar 23 ga Mayun 2024 ta soke dokar 2019 da ta raba masarautar Kano gida biyar, gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka mayar da Muhammadu Sanusi na Biyu kan karaga. Lawan Hussaini ɗin nan ne ya ɗauki nauyin ƙudurin. Ko mutum na goyon bayan wannan mataki ko yana adawa da shi, ya nuna abin da majalisar jaha ke iya yi cikin ƴan kwanaki a kan abin da ke hannunta. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin shago da na shara da na allon talla da na sauke kaya ga masu karɓa daban-daban, wani na jaha wani na ƙaramar hukuma, yana da hujjar tambayar dalilin da zai sa tasa matsalar ta fi wannan wuya. Tattara waɗannan kuɗaɗe wuri guda, a rubuta adadinsu kowa ya sani, a hana tare hanya da igiya da sanda, duk aikin dokar jaha ne.

Haka batun ƙananan hukumomi. Naira 35 cikin kowace 100 ta VAT tasu ce, kuma Kano ce ta fi kowace jaha yawansu. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, a daina bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya a faɗin ƙasar. Dokokin da ke tsara yadda ƙananan hukumomi ke aiki kuma majalisun jahohi ne ke yin su. Mutumin Dala ko Tudun Wada da ke son asibitin shan magani na unguwarsu ya samu ma'aikaci, amsarsa ta fi kusa da zauren majalisar Kano fiye da Abuja. Matsalar ita ce sukar shugaban ƙasa na jam'iyyar adawa ba ta da tsada, binciken gwamnan jam'iyyarka kuwa yana iya cinye maka tikitin takara. Shi ya sa a yawancin jahohin Najeriya, ko wace jam'iyya ke mulki, ake yi wa majalisun kallon ƴan amshin shatan gwamna.

Abin da ya shafi wannan gefen iyaka

Fataken Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da Tawa da ke sauka Kano sayen atamfa, robobi, kayan gini da kayan masarufi suna biyan VAT ɗin Najeriya a cikin farashi, ko sun sani ko ba su sani ba. Da an kai shi kashi 10 sannan 15, da ƙarin ya biyo su har kan tebur a kasuwannin Nijar, kafin a zo maganar duwan. Tsayawarsa a 7.5 sauƙi ne da ya tsallako iyaka. Masu kai wake da albasa da dabbobi kudu kuma sun san cewa abin da ya fi cin su ba harajin Abuja ba ne, yawan shingaye ne da rasit iri-iri daga Jibiya ko Maigatari har zuwa kasuwa. Wasu shingayen na jami'an tarayya ne, amma rasit da yawa na jahohi da ƙananan hukumomin Katsina da Jigawa da Kano ne, kuma majalisun waɗannan jahohi ke da ikon rage su.

Idan hukumomin Kano suka fara matsa wa ƴan kasuwa su yi rajista su riƙa ba da rasit domin cinikinsu ya shiga lissafin naira 16.5, baƙin fatake ma za su ji a jikinsu. Wanda ya saba sayen kaya da amana da kalmar baki zai fara cin karo da takarda. Hakan na iya zama kariya gare shi idan an tsara shi da kyau, yana kuma iya zama sabuwar ƙofar tatsa idan an bar shi hannun masu karɓa.

Alkaluman rabon wata-wata daga 1 ga Janairun 2026 ne za su nuna wanda ya yi gaskiya tsakanin Oyedele da masu sukarsa. Ofishin babban akanta na ƙasa da hukumar ƙididdiga na fitar da abin da kowace jaha ta samu, kowa na iya dubawa. Shekara mai bi mata kuma, 2027, shekarar zaɓe ce, ƴan majalisar Kano 40 za su koma gaban mutanen da suka ce suna karewa a Disamban 2024. Za su iya nuna cewa sun yi magana a lokacin da ya dace kuma an ji su. Masu zaɓe a Dala da sauran mazaɓu za su so su ji nawa ya shigo bayan nan, nawa aka kashe, da kuma wanda ya tashi a zauren ya nemi a kawo lissafi.